Ƙofa Mai Aiki Biyu: Gilashi Don Iska, Raga Don Sauro

Babu mai gidan da bai san wannan tsaka mai wuya ba. Dare ya yi, zafi ya matsa. In an rufe ƙofa ɗaki ya zama tanderu, in an bar ta a buɗe sauro ya sami hanya, ya kwana yana cizon yara. Haka nan kuma da hunturu, ana son hasken rana ya shigo ɗaki, amma ba a son ƙura da sanyi su biyo shi. Ƙyaure ɗaya ba zai iya biyan waɗannan bukatu duka ba, domin abu biyu kaɗai ya iya, ko ya buɗe ko ya rufe. Kakanninmu sun gane haka tun tuni, shi ya sa ban da ƙyaure sukan rataya asabari ko tufaniya ko labule a bakin ƙofa. Sai dai asabari idon mai wucewa yake karewa, da kaji. Sauro kuwa ratsa shi yake yi.

Mutanen Amurka da Kanada suna da wata dabara da suka daɗe suna amfani da ita a kan wannan matsala, watau ƙofa ta biyu wadda ake sauya mata allo, wani lokaci gilashi, wani lokaci ragar waya. Manufar wannan darasi ita ce a bayyana wa jama'a yadda ƙofar take, da dalilin da ya sa aka yi ta, sa'an nan a nuna abin da ya kamata mu ɗauka daga cikinta da abin da ya kamata mu bar wa masu ita.

Yadda ƙofar take

Ƙofa ce marar nauyi da ake kafawa a gaban babbar ƙofar gida, ta waje, a jikin firam ɗaya da ita. Babbar ƙofar tana buɗewa ciki, wannan kuwa waje take buɗewa, kuma tsakaninsu akwai ɗan fili na inci kaɗan. A da katako ake yin ta da shi, yanzu yawanci alminiyam ne. Gefunanta ne kawai ƙarfe ko katako. Tsakiyarta rami ne babba wanda allo yake rufewa. Idan allon gilashi ne a ciki, ƙofar tana tare iska da feshin ruwa da dusar ƙanƙara, haske kuma yana shiga. Idan allon raga ne, sai a buɗe babbar ƙofar a bar wannan a rufe, iska ta riƙa kaɗawa cikin gida, ƙwari kuwa su tsaya a waje.

Sunan da masu ita suke kiranta da shi ma'anarsa ƙofar hadari, amma kada sunan ya ruɗi mai karatu. Ba a yi ta don mahaukaciyar guguwa ba. A jihar Fulorida, inda guguwar teku take rushe gidaje, kamar wadda aka kira Andrew a shekarar 1992, faifan ƙarfe ake rufe taga da ƙofa da su, ko a sa wani gilashi na musamman mai jure duka. Ƙofar da muke magana a kanta aikinta sanyi ne, da iska, da ruwan sama na yau da kullum.

Ƙasar da ta haife ta

Wanda bai san yanayin arewacin Amurka ba zai yi mamakin a ce gida ɗaya yana bukatar ƙofa biyu a mashiga ɗaya. A jiha kamar Minesota sanyin watan Janairu yakan kai awo 20 ƙasa da sifiri a ma'aunin Santigirad, har ya wuce. Ana ɗumama gida da gas ko mai ko lantarki, kuma duk ɗumin da ya sulale ta kafar ƙofa kuɗi ne ya fita. Iskar da ta maƙale tsakanin ƙofofin nan biyu ba ta motsi, iska marar motsi kuwa ba ta saurin ɗaukar zafi daga wannan gefe zuwa wancan. Sai ta zama kamar bargo. Bugu da ƙari, ƙofar waje ita ke shan dukan ruwa da ƙanƙara, ta ciki ta daɗe ba ta lalace ba.

To, da watan Yuni ya kama sai al'amari ya juye. Zafi ya zo, tafkuna sun narke, sauro ya fito da yawan da har mutanen Minesota sukan yi raha su ce shi ne tsuntsun jiharsu. A lokacin nan ba a bukatar bargo, iska ake nema. Tun da fari mutane ƙofa biyu dabam suke ajiyewa, ta gilashi da ta raga, su kwance wannan su ɗaura waccan sau biyu a shekara. Daga baya aka ga ai babu dalilin kwance ƙofa ɗungum, tun da tsakiyarta kawai ake son sauyawa. Asalin ƙofa mai aiki biyu ke nan.

Ita kanta ragar ta girmi ƙofar. A farkon shekarun 1860, lokacin yaƙin basasar Amurka, wani kamfani mai suna Gilbert da Bennett a jihar Konetikat, wanda sana'arsa saƙar waya ce don yin rariya, ya fara shafa wa wayar fenti don kada ta yi tsatsa, yana sayar da ita a sa wa tagogi. Gefen gilashin kuma ya sami karɓuwa ƙwarai bayan rikicin man fetur na 1973, sa'ad da kuɗin ɗumama gida ya yi tashin gwauron zabo. A 1978 Majalisar Dokokin Amurka ta yi doka ta rage wa mai gida haraji da kashi 15 cikin 100 na abin da ya kashe a kan irin waɗannan gyare-gyare, har zuwa dala 300, ciki har da ƙofa da tagar hadari. Wannan rangwame ya ƙare a ƙarshen 1985.

Hanyoyin sauya allo

Hanya ta farko ita ce mafi tsufa. Allo biyu ne masu girma ɗaya, na gilashi da na raga, ana riƙe kowanne da ƴan maɗaurai a gefe. Da sanyi ya wuce sai a cire gilashin a jingine shi a ɗakin ajiya, a sa ragar. Da kaka a mayar. Iska tana shiga sosai ta wannan iri, domin ragar ta kama daga sama har ƙasa. Amma gilashin yana da nauyi, sai mutum biyu, kuma rabin shekara yana jingine inda yaro zai iya ture shi.

Hanya ta biyu ba a cire kome. An raba tsakiyar ƙofar gida biyu, sama da ƙasa. Raga tana kafe a rabi ɗaya har abada, a bayanta kuma akwai gilashi mai zamewa cikin kwarin da aka yi masa a gefen ƙofar. In ana son iska sai a zame gilashin ya koma kan ɗan'uwansa na ɗaya rabin, ragar ta bayyana. In hadari ya taso sai a mayar da shi, aikin daƙiƙa biyu. Ta uku kuwa ta zamani ce: ragar tana nannaɗe kamar tabarma a ɓoye cikin kan ƙofar, bakinta yana manne da gilashin sama, in an ja gilashin ƙasa sai ya jawo ragar ta rufe gurbin da ya bari. Tana da kyan gani, amma tana da sifirin da ƙananan sassa a ciki, waɗanda ƙura ba ta yi wa daɗi, kuma in ta lalace ba kowane kafinta ne zai iya gyara ta ba.

Abin da raga ta yi wa lafiyar jama'a

A wurin mutumin Minesota sauro fitina ce kawai ta ƙaiƙayi, galibi. A wurinmu maganar rai ce, saboda haka ya kamata mu ɗan tsaya a nan.

A shekarar 1897 wani likitan soja ɗan Ingila mai suna Ronald Ross, yana aiki a Indiya, ya ga ƙwayar zazzaɓi a cikin tumbin sauro. Mutane da yawa ba su gaskata ba, domin an daɗe ana cewa mugunyar iskar fadama ce take kawo cutar. Sai a 1900 aka yi wani gwaji wanda ya kashe bakin masu gardama. Likitoci biyu daga Landan, Sambon da Low, suka je wani wuri kusa da Ostiya a ƙasar Italiya, inda zazzaɓi ya yi ƙamari, suka kafa ɗan gidan katako wanda aka rufe ƙofofinsa da tagoginsa da raga. Da rana suna yawonsu cikin fadamar, suna shaƙar iskar da kowa yake shaƙa, amma kafin rana ta faɗi sun shige ciki, ba su fitowa sai gari ya waye. Suka yi wajen wata uku a tsakiyar lokacin cutar, ba su sha kwinin ba, kuma zazzaɓi bai kama su ba, alhali maƙwabtansu suna ta kwanciya. A daidai wannan zamani wani malamin Italiya, Angelo Celli, ya sa raga a gidajen ma'aikatan jirgin ƙasa, ya ga cutar ta ragu ƙwarai a cikinsu. Ita ma Amurka tana da zazzaɓin cizon sauro a jihohinta na kudu har zuwa shekarun 1940. Ragar gida tana cikin abubuwan da suka taimaka, tare da janye ruwan fadamu da feshin magani, har aka ɗauka cutar ta ƙare a ƙasar a 1951.

A nahiyarmu an gwada abin a ƙasar Gambiya, a garin Farafenni da ƙauyukansa, aka buga sakamakon a 2009. A gidajen da ba su da raga, tarko yakan kama sauro mai ɗauke da zazzaɓi wajen 37 a dare ɗaya. A gidajen da aka sa wa raga a ƙofa da taga, aka kuma toshe kafar da ke tsakanin bango da rufi, wajen 15. Yaran da aka samu da ƙarancin jini kashi 19 cikin 100 ne a gidaje marasa raga, kashi 12 a masu raga. Amma wani gwajin na gidaje 800 a gabashin ƙasar, wanda aka buga a 2021, bai nuna an sami ragin zazzaɓi a jikin yara ba, a yankin da dama kusan kowa yana kwana cikin gidan sauro kuma ana feshi. Don haka Hukumar Lafiya ta Duniya, da ta ba da shawarar sa wa gidaje raga a 2021, ta ba da ita ne a matsayin ƙari. Raga ba ta maye gurbin gidan sauro mai magani ba, kuma yaron da jikinsa ya yi zafi asibiti za a kai shi ko da gidan yana da ƙofa goma.

Ƙididdigar hukumar ta shekarar 2022 ta nuna mutum miliyan 249 ne suka kamu da zazzaɓin cizon sauro a duniya, 608,000 suka rasu. Kimanin kashi 27 cikin 100 na waɗanda suka kamu a Nijeriya suke, haka nan kimanin kashi 31 na waɗanda suka rasu, yawancinsu kuwa yara ne ƴan ƙasa da shekara biyar. Babu ƙasar da ta kai mu ɗaukar wannan kaya.

Inda ƙasarmu ta saɓa da tasu

A can sanyi da sauro ba su haɗuwa. Ƙanƙara tana sauka sauro ya ɓace, saboda haka mai gida yana iya cire ragarsa wata shida hankalinsa kwance. A nan kuwa hadari da sauro tare suke zuwa, cikin wata ɗaya, kai, cikin dare ɗaya ma. Da la'asar iska ta taso daga gabas da ƙura, ruwa ya biyo baya yana feshi har tsakar ɗaki. Bayan isha'i ya ɗauke, gari ya yi ɗumi, sauro ya fito. Ba wanda zai tashi yana kwance allo yana ɗaura allo sau biyu a dare. A Legas da Fatakwal da Kalaba ma babu watan da sauro yake hutu. A Sakkwato da Maiduguri yakan ragu da rani, amma ba ya ƙarewa a kusa da madatsun ruwa da gonakin noman rani da kwatocin cikin gari.

Abin da wannan ya koya mana shi ne mu juya tsarin nasu. A wurinsu gilashi ne mai gida, raga baƙuwa ce ta ƴan watanni. A wurinmu raga ita ce za ta zauna daram duk shekara, murfin shi ne zai riƙa zuwa yana komawa. Hanya ta biyu ke nan, mai allo mai zamewa, ko kuma wadda ta fi ta sauƙi: raga kafaffiya, da ɗan murfi mai hinji a bayanta wanda ake rufewa da sakata in hadari ya taso ko hazo ya sauko.

Sai maganar rana, wadda ta fi kome muhimmanci ga mai son gilashi. Ma'aikatar Makamashi ta Amurka da kanta tana gargaɗin mutanenta kada su sa ƙofar gilashi a gaban ƙofar da rana take duka fiye da ƴan sa'o'i a yini, domin zafin da ya maƙale a tsakani yana iya lalata ƙofar ciki. In ranar Amurka tana yin haka, mai karatu ya auna ranar Afrilu a Yola. Fenti zai kumbura, katako ya tanƙware, ɗakin kuma ya ƙara zafi. Gilashi ya dace ne da ƙofar da ke ƙarƙashin inuwar baranda, ko a wurare masu sanyi irin su Jos da tsaunin Mambila. In ba haka ba, murfin falanki ko na faifan ƙarfe ya fi, ga arha, ga ƙarko.

Wanda duk da haka ya zaɓi gilashi, to, kada ya yarda da gilashin taga na yau da kullum. In ya fashe yakan zama kamar wuƙaƙe, yaro kuwa da gudu yake zuwa ƙofa, hannu a gaba. Raunukan da irin wannan ya jawo suna cikin dalilan da suka sa tun 1977 dokar Amurka ta tilasta a riƙa sa gilashin da ba ya yanka a waɗannan ƙofofi. Wanda aka fi amfani da shi gasasshe ne, wanda in ya fashe yake marmashewa kamar tsakuwa. A lura, ba ya yankuwa bayan an gasa shi. Awo ake bayarwa a yi shi daidai.

Idan za ka sa a yi maka

Ba lalle ne a sayo ta daga waje ba. Yawancin na Amurka tsawonsu inci 80 ne, faɗinsu inci 32 ko 36, alhali ƙofofin gidajen siminti da yawa a nan sukan kai mita 2.1, watau wajen inci 83. Gurbin inci uku kuwa a wurin sauro babbar hanya ce. Kafinta ko mai walda na unguwa zai iya yin ta daidai da bakin ƙofarka, in ka tsaya a kansa. Ka sa ya auna faɗin a sama da tsakiya da ƙasa, domin ba kowane firam ne yake a miƙe ba.

Wajen sayen raga, ka ɗora ma'auni a kanta ka ƙirga. Ya kamata a sami silin waya 16 ko fiye a cikin inci ɗaya, a tsaye da a kwance. Wadda aka fi sayarwa a Amurka 18 ce a 16. In idonta ya fi haka faɗi sauro zai ratsa, in ya yi ƙanƙanta da yawa iska ba za ta shiga ba. Ragar baƙin ƙarfe tana da arha amma tana tsatsa, musamman a garuruwan bakin teku inda iska take da gishiri. Ta alminiyam ta fi ta daɗewa. Akwai kuma ta zare mai rufin roba, ba ta tsatsa, sai dai tana saurin yagewa, kuma rana tana cinye ta a hankali.

Ƙasan ƙofar, wajen kashi ɗaya cikin uku, a rufe shi da katako ko ƙarfe, domin nan ne ƙafa da akuya da yaro mai rarrafe suke tunkara. A sa sanda ɗaya a gicciye daidai inda hannu yake turawa. Tilas ne ƙofar ta buɗe waje: sauron da ya sauka a kan ragar yana jira, in an tura waje an kore shi, in an ja ciki an shigo da shi. Tilas ne kuma ta rufe kanta. Na Amurka suna da ɗan famfo mai iska wanda yake jawo ƙofar a hankali. Sifirin ma ya isa, ko robar tsohon tif. A ƙara ƴar sarƙa a sama wadda za ta hana iska fizge ƙofar ta karya hinji, domin ƙofa marar nauyi mai buɗewa waje abin wasan iskar hadari ce.

Sauro ba da ido yake nemanmu ba tun daga nesa. Numfashinmu da warin jikinmu yake bi, kuma duk kafar da warin ya fita ta nan zai shigo. Saboda haka a buga tsirin roba a ƙasan ƙofar ya riƙa shafar dokin ƙofa. Kada kuma a manta da kafar da ke tsakanin bango da rufi, domin bincike ya nuna ta nan ne sauron zazzaɓi na Afirka ya fi shiga ɗaki. Mai ƙofar raga wanda bai toshe wannan kafa ba, kuma ba shi da silin, ya yi rabin aiki ne.

Akwai gargaɗi guda ga lokacin hunturu. Ɗakin da aka toshe kafofinsa, aka rufe murfin ƙofarsa, ba wurin kwana da kaskon gawayi ba ne, balle janareta. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba, marar launi marar wari, wadda take kashe mutum cikin barci. In an ɗumama ɗaki, a fitar da kaskon kafin a kwanta.

Ƙurar hunturu takan toshe idon raga har iska ta daina wucewa, mutane su ce ragar ce ke kawo zafi su yage ta. Ruwa da sabulu da tsohon buroshi sun isa su wanke ta. A share kwarin da murfin yake zamewa a ciki, a ɗiga wa hinji mai. In raga ta huje a yanko ƙyallen wata, wanda ya fi hujin faɗi da inci ɗaya ta kowane gefe, a ɗinke da siririyar waya tun ramin bai girma ba. Kafin ruwan farko ya sauka, wata rana da dare, mutum ɗaya ya shiga ɗaki ya rufe ƙofar, ya riƙa bin gefunanta da tocila, wani kuma ya tsaya a waje yana kallo. Duk inda haske ya ɓullo tsakanin ƙofa da firam, a yi masa alama da alli, da safe a kira kafinta.